Gyaran Soron Kaka

Garin Damagaram yana da tsofaffin unguwanni biyu, Birni da Zango. A Birni fadar sarki ta ke, can ne kuma a ke ganin ragowar ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye gari da ita kafin rasuwarsa a 1884. Zango kuwa masaukin fatake ne, masu zuwa da raƙuma daga Agadas da ƙasashen arewa. Har zuwa 1926 Damagaram ce babban birnin Nijar a hannun Turawan Faransa, sa'an nan aka mai da mulki Yamai. Yawancin tsofaffin gidajen waɗannan unguwanni na ƙasa ne. An gina su da tubali, an rufe su da azara, an yi musu zankwaye a bisa da zane a bakin zaure.

Gidan ƙasa ba ya son a manta da shi. Kowace shekara, kafin ruwa ya sauka, sai an hau rufi an toshe tsaga, an share indararo, an ƙara yaɓe inda ya zaizaye. In an yi haka, gida ya kan ga jikoki da tattaɓa kunne. In an bari, damina biyu ko uku sun isa su karya shi. A daminar 2024 an yi ruwa mai yawan gaske a Nijar. Gidaje da dama sun faɗi, kuma a farkon watan Satumba tsohon masallacin ƙasa na Birni ya rushe. Mutanen gari sun ji zafin wannan abu ƙwarai, tsoro kuma ya shiga zukatan masu kwana cikin soraye.

A wani lungu na Birni akwai gida mai zaure ɗaya, da shigifa biyu, da babban soro a cikin gida. A soron nan wata tsohuwa ta ke kwana. Cikinsa aka kawo ta amarya, cikinsa ta haifi ƴaƴanta bakwai, cikinsa kuma mijinta ya cika. Duk gidan Kaka a ke ce mata. Bayan ruwan nan sai aka ga tsaga ta fito a bangon gabas, tun daga rufi har kusa da ƙasa, yatsa yana shiga cikinta. Yaɓen ciki ya kumbura, ƙasa tana zubowa bisa gadon ƙarfenta da dare.

Babban ɗanta ma'aikaci ne a Yamai. Da kaka ta yi ya ɗauki hutu ya zo gida da kuɗin da ya tara. Ya riga ya yanke shawara tun a mota: a rushe soron, a ta da ɗaki na bulo da siminti, a rufe da kwano. Ba don raini ya ke faɗin haka ba. Ya ga hotunan masallacin da ya faɗi, ba ya kuwa so wata rana a buga masa waya a ce rufi ya danne uwarsa. Ga kuma ƙanensa zai yi aure bayan azumi, ana bukatar ɗakin amarya.

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ɗakin nan ya gaji. Ki koma shigifa wata biyu, in gina miki sabo."

Tsohuwa ba ta kama sunansa, domin ɗan fari ne. Ta dubi bango ta ce, "A gaya wa mutumin Yamai, ɗakin da ya gaji hutu a kan ba shi, ba kashe shi a ke yi ba. A kira magini ya duba. In ya ce a rushe, ni da kaina zan fitar da kwallayena."

Aka aika wa wani tsohon magini na unguwar, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa. Bai yi gaggawa ba. Ya tuɓe takalma, ya shiga, ya tsaya tsakiyar ɗaki yana kallon sama kamar mai neman wata. Rufin soron daurin guga ne. Ga yadda a ke yin sa: azara ita ce itacen giginya da aka tsaga, ta namiji ta fi ƙarfi, gara ba ta cika cin ta ba. Amma azara ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa in faɗin ɗaki ya wuce kamu huɗu ko biyar. Saboda haka magina su kan dasa azara cikin bango, su karkata ta ciki, su ɗaura wata a kanta da igiya, su shafe da ƙasa, su jira ta bushe, su ƙara wata. Haka daga wannan bango, haka daga wancan, har su haɗu a tsakiya kamar bakan gizo. In bakuna biyu sun gitta juna, sai rufi ya yi kama da guga da aka kife. Daga nan sunan ya fito.

Magini ya sa aka kawo tsani. Ya ƙwanƙwasa kowane baka da ƙotar wuƙa yana saurare. Ya kankare ƙasa a wurare uku, ya soka tsinin wuƙa cikin azara. A biyu wuƙar ta ƙi shiga. A na uku, wajen kusurwar gabas, ta nutse kamar cikin tuwo. Sa'an nan ya hau bisa rufi, ya sa hannu cikin indararon wannan kusurwa, ya fito da tsumma, da gashin kaza, da leda baƙa. Indararon ya toshe, ruwa ya kwanta bisa rufi, ya bi ta cikin bango.

Da ya sauko bai ce kome ba tukuna. Ya tsuguna gindin bango, inda marigayi mai gidan ya sa aka shafa siminti shekaru da yawa da suka wuce, don ɗaki ya yi kyau. Ya buga wurin da hannu, sai ya yi amo kamar ganga. Ya ɓamɓare ɓawon simintin da gatari. Ƙasar da ke bayansa jiƙe ta ke, har tana wari, ko da ya ke an yi wata biyu ba a ga ɗigon ruwa ba.

Ya ce, "Ɗana, zo ka taɓa. Bangon ƙasa yana shan laima da damina, ya fitar da ita da rani. Siminti ya toshe masa hanya. Laima ta shiga ta ƙasa, ba ta da wurin fita, sai ta zauna tana cin gindin bango a ɓoye. Kuma ƙasa da siminti ba sa tafiya tare. Zafi da sanyi su kan motsa su, kowa da irin nasa motsi, har su rabu."

Ɗan ya ce, "To, Baba, ɗakin zai tsaya ko ba zai tsaya ba? Ita ce tambayata."

"Bakuna lafiya lau su ke. Azara shida zan sake, in ɗinke tsagar nan. Soron zai tsaya. Amma shigifar baya, wadda ka ke so ka kai tsohuwa, ita ce abin tsoro. Kada kowa ya ƙara kwana cikinta."

Ashe ɗakin da kowa ya ɗauka lafiyayye shi ne gara ta cinye. An rufe shi da itacen da aka samu da araha, ba azara ba. Wannan magana ita ta kwantar da gardama, domin kowa ya sami abin da zai riƙe. Tsohuwa ta sami soronta. Ɗanta ya sami ɗakin da zai rushe ya rufe da kwano.

Aka fara aiki da ɗari, lokacin da ƙasa ke bushewa da kyau, hannaye kuma sun huta daga gona. Fitar da kaya kaɗai ya ci yini guda. Jeren tsohuwa ya kai rufi: kwallaye, da tasoshi, da fanteka, da akusan baƙin ice waɗanda ba a ci tuwo cikinsu ba tun jikokinta ba su zo duniya ba. Ta zauna bisa tabarma tana ƙidaya, ba ta yarda yaro ya ɗauki biyu a tafi ɗaya ba.

Abu biyu suka ba da wahala, azara da ruwa. Giginya ta yi ƙaranci. A Nijar wajen Gaya ne a ke samun ta da yawa, nesa ƙwarai da Damagaram, kuma ba a saran ta sai da izinin ma'aikatan gandun daji. Magini ya bi gidajen da suka faɗi da damina, ya sayi tsofaffin azara daga masu su, ya zaɓi masu nauyi da baƙin jiki. Ruwa kuwa, kowa ya san halin Damagaram: gari ne bisa dutse, ƙishirwa tsohuwar baƙuwarsa ce. Ƙasar gini tana shan ruwa fiye da yadda mutum zai zata. Kuɗin da aka ba ƴan ga-ruwa ya kusa kama kuɗin leburori.

Aka kwaɓa jar ƙasa da ramno, wato yankakkiyar ciyawa, aka tattake da ƙafa, aka rufe ta kwana da kwanaki tana ruɓa, ana ƙara ruwa ana juyawa. Ƙasar da aka kwaɓa yau aka shafa yau ba ta daɗewa. Magini ya tokare bakan gabas da gumagumai, ya buɗe rufin kusurwar, ya zare ruɓaɓɓun azara ɗaya bayan ɗaya. Tsagar bango kuwa bai cika ta da ƙasa kawai ba. Ya faɗaɗa ta, ya sassaƙa ramuka a gicciye, ya kwantar da guntayen azara cikinsu kamar ɗinkin ƙwarya, sa'an nan ya cike da tubali da ƙasa, kaɗan yau, kaɗan gobe.

Wajen kankare tsohon yaɓe ne aka ga abin mamaki. Farar ƙasa ta yi ɓawo bisa ɓawo kamar albasa, domin kowace salla sai mata sun shafe ɗaki. Wata jikanya ƴar lakwal ta ɗauki ɓallin ta ƙirga, ta kai ashirin da wani abu, ta ɓace. Ƙarƙashin duka, bisa ƙofar ɗaki, sai ga zanen dagi da aka tona cikin yaɓe tun yana ɗanye, da alamar ja da shuɗi a jikinsa. Tsohuwa kanta ta manta da shi. Ta daɗe tana kallo, ta ce ranar da aka kawo ta, da ta ɗaga mayafi, shi ne abin da ta fara gani. Magini ya sa almajirinsa ya share zanen da tsinke da gashin kaza, yini biyu cur. Mai biyan kuɗi ya yi gunaguni a kan yini biyun nan, amma shi ne ya fara ɗaukar hoton zanen ya aika wa ƴan'uwansa.

Ba duk abin da ɗan ya kawo aka ƙi ba, kuma daidai ne da ba a ƙi ba. Tsofaffin soraye suna da duhu, iska ba ta ratsa su sosai, hayaƙin fitila da na garwashi ya kan zauna ciki ya sa tari. Aka faɗaɗa ƴar tagar arewa, aka buɗe wata ƙarama a sama ta kudu, nesa da ƙafar baka, aka sa musu raga saboda sauro. Aka ja wayar lantarki cikin bututun roba, aka binne cikin yaɓe. Alkukin da a ke ajiye fitilar mai a dā, yanzu nan a ke ajiye rediyo da kwalbar magani. Siminti ma ya sami wurinsa: makewayi, da gindin randa, da rariyar da ke fitar da ruwan tsakar gida zuwa waje, don kada ya ƙara kwanciya gindin bango.

A kan daɓe aka sake ja-in-ja. Ɗan ya ce siminti ya fi saurin shara. Tsohuwa ta ce siminti yana sa mata ciwon ƙafa da ɗari. Nan ita ta ci. Daɓe aikin mata ne. Aka shimfiɗa birji, aka yayyafa ruwa, matan unguwa wajen goma sha biyar suka zo da madaɓansu, suka jeru bisa gwiwa suna bugu tare, suna waƙa, suna yi wa juna ba'a. Ana bugu ana yayyafa ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, wanda aka sayo daga kudu inda ɗorawa ta fi yawa. Makuba ce ke sa daɓe ya yi tauri, ya yi ja mai duhu, ya yi sheƙi. Ba a biyan matan kuɗi. Fura a ke dama musu, a dafa shinkafa da wake, a raba goro. Amma ƴan matan da suka zo, rabinsu ba su taɓa riƙe madaɓi ba, sai da tsofaffi suka nuna musu yadda a ke sa hannu.

Da daɓe ya bushe aka shafe bango da farar ƙasa, aka mai da gado da jere. Aikin soro ya ci kwana arba'in da ƴan kai. Shigifar baya kuwa an ta da ita da bulo cikin sati biyu, an rufe da kwano, an yi mata fenti shuɗi. Kyakkyawa ce, amarya ta yi murna da ita, ba ta kuma yoyo.

Sai bazara ta zo. A watan Afrilu zafin Damagaram ya kan wuce awo 40. Kwano yana ɗaukar zafin rana ya zuba shi cikin ɗaki nan take. Bangon soro kuwa kaurinsa a gindi ya fi kamu guda, zafi ba ya ratsa shi sai yamma ta yi, lokacin da mutane sun riga sun fita tsakar gida. Da azahar sai a tarar da amarya, da jikoki, har da kyanwar gidan, duk sun taru bisa daɓen Kaka. Ita kuwa tana gefen gado tana jan tasbaha, tana cewa a matsa mata ta miƙe ƙafa.

Kafin ya koma Yamai, ɗan ya kai wa magini sauran kuɗinsa. Tsohon ya ƙirga, ya sa aljihu, ya ce, "Saura zaure. Bakansa ɗaya ya fara sunkuyawa, zai ɗauki damina ɗaya, ba zai ɗauki biyu ba. Kuma a sami yaron da zai riƙa hawa rufi yana duba indararo duk bayan ruwa." Aka ɗora wa wani jika ɗan shekara goma sha biyu aikin indararo. Zancen zaure kuwa, ƴan'uwa bakwai ne suka gaji gidan, uku suna Damagaram, huɗu suna wasu garuruwa, an ce za a zauna a raba kuɗin aikin in an haɗu da babbar salla.