Sabon Gida: daga injin isansi zuwa famfon hasken rana

Duk wanda ya bar gudiro a Madawa cikin watan Janairu, ya nufi kudu wajen iyakar Najeriya, kunnensa ne zai fara shaida masa cewa ya shigo fadamar Tarka. Tun kafin ya hango gidajen Sabon Gida zai ji kukan injunan ban ruwa ta kowace kusurwa, ga ƙamshin ɗanyar albasa gauraye da hayaƙin mai. Albasar nan irin ta Galmi ce, wadda manyan motoci ke kwasa zuwa Abijan da Akara da Lome da Kwatano.

A da, guga da ƙwarya ne kayan aikin mai garka, don haka fangalin da yake iya shayarwa bai wuce ƙarfin damtsensa ba. A shekarun 1990 furojen Tarka, da kuɗin ƙasashen Turai, ya yaɗa rijiyoyin tiyo da ƙananan injuna. Da yake ruwa bai da nisa a fadamar, garake suka faɗaɗa, buhuna suka yawaita. Sai dai tun ran nan arzikin garin ya rataya ga isansi, isansin kuwa na Najeriya ne, wanda ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya. Matatar SORAZ da aka buɗe a Damagaram a 2011 ba ta kore shi ba, domin tallafin da gwamnatin Najeriya ke yi ya sa ya fi na gida araha.

Ran 29 ga Mayu 2023 shugaba Tinubu ya janye tallafin, farashi a Najeriya ya ninka kusan sau uku cikin ƴan kwanaki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na shekarar aka rufe iyaka na tsawon watanni, a Maris 2025 kuma aka yi ƙarancin mai a duk faɗin Nijar. Ma'aikacin gwamnati na iya ajiye babur ya taka da ƙafa zuwa biro. Albasa ba ta jiran a kawo mai, in ta yi ƴan kwanaki ba ruwa lokacin da take ƙulla kai, wahalar shekara ta tafi a banza.

Wasu manoma sun sa makanikai sun gyara musu inji ya koma cin gas na kwalba. Wasu kuma sun rabu da inji ɗungurungum, suka kafa panno na hasken rana a bakin rijiya. Abin ba baƙo ba ne a jahar Tawa, tunda a Malbaza akwai tashar lantarki ta hasken rana mai megawat 7 tun 2018.

Canjin ya fi yadda ake zato zurfi. Injin isansi zuƙo ruwa yake daga sama, ba ya kuma iya ɗaga shi daga zurfin da ya wuce mita 7 ko 8, shi ya sa idan ruwa ya ja baya a bazara manomi ke haƙa rami ya saukar da injin. Famfon lantarki kuwa cikin rijiyar ake zura shi, yana turo ruwan daga ƙasa, in dai bakin tiyon ya ishe shi shiga. Tsohuwar rijiya mai ƙunci sai an sake wata. Inji kan kwararo ruwa da ƙarfi, a gama ban ruwa da hantsi. Famfon rana a hankali yake bayarwa, ya fi ƙarfi da tsakar rana, daidai lokacin da ɗan ƙodago ke neman inuwa. Batir na da tsada, zafi kuma na kashe shi, saboda haka masu dabara sukan gina ɗan tafki na siminti su tara ruwa maimakon tara wuta. Hazon hunturu, wanda ke faɗowa a tsakiyar noman albasa, yana rage ƙarfin panno, dole a riƙa goge ƙura kullum. Ga kuma ɓarayi: abin da aka bari a garka da dare sai da mai gadi.

Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗi. Isansi lita-lita ake sayensa, sau da yawa da bashin da ɗan kasuwa ya bayar don a biya shi da albasa ranar girbi, lokacin da farashi ya faɗi warwas. Panno kan yi shekara 20 ko fiye yana aiki, amma gaba ɗaya ake biyan kuɗinsa tun ranar farko. Mai hali da ke iya ajiye albasarsa cikin rudu har ta yi tsada shi ke iya saye, ƙaramin manomi kuwa, wanda tsadar mai ta fi ƙona wa jiki, yana nan da tsohon injinsa. Ƴan kasuwar da suka saba ba da bashin wata huɗu ba su riga sun saba da bashin shekara uku ba. Makanikin inji yana nan a kowace kasuwa, amma mai gyaran akwatin wutar famfo ba a ko'ina ake samunsa ba.

Akwai kuma batun ruwan kansa. Tsadar lita ita ke sa manomi kashe inji da zarar fangali ya cika. Mai panno ba abin da zai biya idan ya bar famfo yana zuba har la'asar, alhali rijiyarsa da ta maƙwabcinsa mai inji ruwa ɗaya suke sha a ƙarƙashin ƙasa, kuma ta mai injin ce ke fara ƙafewa.