Kano da Landan, Wace Ta Fi Girma?

Akwai wata gardama da kan tashi a tsakanin 'yan makaranta, har ta iso tsakar gida, watau wai Kano da Landan, babban birnin Ingila, wace ta fi girma. Wata ta ce ai Kano tumbin giwa ce, ba ta da na biyu. Wata ta ce Landan ta haɗiye Kano goma. Mu mutanen Gaya muna da ikon sa baki a wannan zance, gama labarin da muka gāda ya ce maƙeran Gaya ne, Abagayawa, suka tafi gindin dutsen Dala neman tama suka zauna, har aka sa wa garin sunan babbansu, Kano. Uwa kuwa ba ta rasa ta cewa a kan 'yarta.

To, kun san wadda ta auna gero da tiya da wadda ta auna da gwangwani ba su shiryawa a lissafi. Haka girman gari yake. Sai an faɗi girman me ake nufi, na ƙasa ko na jama'a, kuma daga ina zuwa ina aka ja iyaka.

Landan iri biyu ce. Akwai tsohon birnin, kamar a ce cikin ganuwa, wanda faɗinsa bai wuce mil ɗaya murabba'i da 'yan kai ba. Bankuna da ofisoshi ne suka cika shi, masu kwana a ciki ba su kai 9,000 ba a ƙidayar 2021. In wannan ce Landan, ai ƙasar Gaya ma ta fi ta mutane nesa ba kusa ba! Amma wadda ake nufi ita ce babbar Landan da dukan unguwanninta. Faɗinta murabba'in kilomita 1,572, mutanenta wajen miliyan 8 da dubu 800 a shekarar 2021. Murabba'in kilomita, don waɗanda ba su kai nan a makaranta ba, fili ne mai tsawon kilomita ɗaya da faɗin kilomita ɗaya.

Kano kuma, in an haɗa birni da waje, ƙananan hukumomi 8 ne: Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Faɗinsu murabba'in kilomita 499, an sami mutum 2,828,861 a cikinsu a ƙidayar 2006. In kun ji maigida na cewa Kano ta haura miliyan 9 tun a wannan shekara, gaskiyarsa, amma jihar yake faɗi, ƙananan hukumomi 44, har da mu a ciki.

Ashe ke nan Landan ta ninka Kano sau uku a ƙasa, ta kuma ninka ta sau uku a jama'a. 'Yan makaranta, ku ɗauki alƙalami ku raba yawan mutanen da faɗin ƙasar, ku ga abin mamaki. Kowace a cikinsu mutum wajen 5,600 ne ke zaune a murabba'in kilomita ɗaya. Cunkoson ɗaya ne. In ma aka cire Ungogo da Kumbotso, sauran shidan mutum fiye da 15,000 ne a fili irin wannan.

Yanzu ku dubo gida. Ƙasar Gaya murabba'in kilomita 613 ce, ta Ajingi 714. Ajingi kaɗai ta fi birnin Kano da kewayensa faɗi. In kuka haɗa biyun kun sami 1,327, saura kaɗan su kamo Landan, alhali mutanenmu duka a 2006 wajen 375,000 ne, watau ba mu kai 300 a murabba'in kilomita ba. Inda mutum ɗaya ke miƙe ƙafa a nan, mutum ashirin ne a can.

Wannan lissafi ni na fara saninsa da jikina tun ban san shi a takarda ba. Da na je wa wata ƙanwata wankan jego a gidan haya a Kano, iyali biyar ne a gidan, makewayi ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Ruwan da zan dafa mata sai na tsaya a ƙofar gida na jira ɗan garuwa. Ni da na saba in baza kuɓewa a tabarma uku in bar ta ta sha rana, na rasa inda zan ajiye faranti. Yarinyar da ke ƙorafin ita sai auren birni, ba na hana ta, amma ta tambayi mutum nawa za su raba famfo.

Kada ku zaci Landan ba ta sha wannan wahala ba. A 1851, lokacin da Bature Dokta Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarimu, ya kintaci mazaunan Kano 30,000, Landan ta riga ta wuce miliyan 2, ga ƙazanta ba magana. A 1854 cutar amai da gudawa ta kashe mutum fiye da 600 a unguwa guda, sai wani likita, John Snow, ya bi gida gida yana ƙirga mamatan, ya gano galibinsu daga rijiya ɗaya suke sha. Daga baya aka tarar masai ne ke tsiyaya cikinta. Bayan 1858 suka haƙa manyan magudanan ƙazanta a ƙarƙashin gari, a 1863 suka buɗe jirgin ƙasa mai bi ta ƙarƙashin ƙasa. Suna kuma gina benaye, gida bisa gida, mu kuwa garinmu gefe yake yi, yana cin gonakin Ungogo da Kumbotso.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne shekarun nan biyu da na yi ta ambata, 2021 da 2006. Mutanen Ingila suna ƙirga kansu kowace shekara goma tun 1801, sau ɗaya tak suka tsallake, a 1941, saboda yaƙi. Mu tamu ta watan Maris ce ta 2006. An shirya wata a Mayun 2023 aka ɗaga, har 2024 ta fita ba a yi ba. Labudda Kano ta ƙaru ƙwarai tun daga lokacin, sai dai kintace ake yi, kuma da kintacen ne ake yanke yawan azuzuwa da gadajen asibiti da allurar rigakafi.

Na san wasunmu ba su son a ƙirga musu 'ya'ya, wai baki, wasu kuma tsoron haraji ne tun na kakanni. Ran da malaman ƙidaya suka yi sallama, in maigida ya fita zaure, ku tuna masa da jaririyar da ke goye, da 'yar riƙo, da tsohuwar da ke ɗakin baya. Yarinyar da aka haifa a Ajingi da damunar 2006 ba ta cikin wancan lissafi. Yau ta isa aure, wata ma da goyonta, ita da ɗan duka ba a taɓa ƙirga su ba.