Bedi bakwai na bakin hanyarmu

Itatuwan bedi bakwai ne a bakin hanyar unguwarmu a Maraɗi. Mahaifina ya ce suna ƴan lakwal aka sa su dasa su, kowane yaro da nasa, yana ɗauko masa ruwa a tulu. A gindinsu Inna mai ƙosai ke ɗora kaskonta, ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja, mu kuma mu kafa fadarmu ta shayi bayan la'asar.

Wata safiyar Talata ƙarar inji ta tashe mu. Kafin azahar duka bakwai ɗin suna ƙasa. Na duba kututturan da idona: babu gara, babu ruɓa, lafiyarsu lau. Na tambayi mai riƙe da injin, ya ce: "Malam, umarni ne, shaguna za a gina." Ba wanda ya sanar da mai unguwa, balle mu.

Abin da ke ci mini rai shi ne, a wannan jihar ta Maraɗi ne tun wajajen 1984 manoma suka koma barin tohon itace a gonakinsu suna yi masa sassabe, har aka ƙiyasta itace miliyan 200 sun dawo a kudancin Nijar. Manomi bai isa ya sare gawo a gonar ubansa ba sai da izinin ma'aikatan gandun daji. To, wa ke tambayar hukuma in ta ɗauki gatari?

Kowace 3 ga Agusta muna bikin dashen itace. Manya su zo da babbar riga, su dasa ɗan tsiro, a ɗauki hoto, akuya ta cinye shi kafin sati. Ko ya tsira, sai ya shekara ashirin kafin ya ba da inuwar da aka kayar cikin sa'a biyar.

Ban ce kada gari ya yi gini ba. Amma a kira mutanen unguwa tukuna, a faɗi dalili, a duba ko shago zai iya ja da baya taku biyu. Mai ofis yana da na'urar sanyi. Talaka, a zafin Afrilu, inuwar nan ce tasa.

Yanzu Inna tana suya ƙarƙashin yagaggen buhu. Mahaifina kuwa ya sake hanyar zuwa masallaci.