Zaren da ya fi gashin kai laushi, da hannun da muke raina ma kuɗi

Hunturu ya kama, kuma kun san da zarar iskar Disamba ta taso, kwarashi da tsinken saƙa sun fito ke nan. A zaure, a bakin asibiti wurin awon ciki, a cibiyoyin koyon sana'a na mata da muke ce ma fuwaye, ko'ina ka duba wata na saƙa hular jariri, ko safa, ko ƴar tiriko.

Bana ƴan matanmu sun zo da sabuwar magana. Suna ganin wata irin saƙa a Facebook da TikTok, shara-shara, mai gashi-gashi kamar hazo, suna tambaya wane irin zare ne, ina ake samun shi. To ga abin da munka sani.

Sunan zaren mohair. Gashin wata akuya ce da asalinta yankin Ankara na ƙasar Turkiyya, shi ya sa ake ce mata angora. Sunan kansa daga Larabci ya fito, mukhayyar, wato zaɓaɓɓe. An kai irin akuyar Afirka ta Kudu a 1838, kuma yau can ne aka fi samar da wannan gashi a duniya, sai maƙwabciyarta Lesoto. Sau biyu a shekara ake yi ma akuyar aski, kuma gashin ƴan ƙanana shi ya fi laushi, shi ya fi tsada. Don ya yi ƙwari, ana murɗa shi a jikin siririn zaren siliki, kamar kashi 70 gashi, kashi 30 siliki. Dunƙule ɗaya giram 25 ne kacal, amma in ka warware shi ya kai mita 200 har da ɗoriya. Kun ji siranta.

Yanzu bari mu faɗa ma ƙannenmu gaskiya. Zaren nan yana da kyau, amma yana da sharuɗɗa. In kin yi kuskure a saƙa, warwarewa wahala ce, don gashin yana sarƙewa da juna. Ba ya son ruwan zafi, ba ya son cuɗa, ba a matse shi a rataye a igiya. A ruwan sanyi ake wanke shi a shimfiɗa. Yana zubar da gashi, don haka bai dace da jariri sabon haihuwa ba, mai kai komi baki. Ga ƙurar hunturu, ga ƙarangiya. Zaren ulu na roba da muke saye ranar Laraba a kasuwar Ƙonni, ko a tsallaken iyaka wajen Sakkwato, ya fi shi jure wankin gidanmu nesa ba kusa ba.

Abin da ya tsaya muna a rai dai wani ne daban. Me ya sa Turawa ke biyan kuɗi masu yawa a kan wannan zare? Siranta, rashin nauyi, da aikin hannu. To waɗannan ukun baƙi ne a wurinmu?

Kakanninmu mata sun yi gurza, sun yi shiɓa, sun yi kaɗi da mazari da ɗan alli a yatsa. Sun san bambancin abawa mai kauri da siririn zare, kuma a gari an san tsohuwar da hannunta ya fi na kowa. Siliki ma ba baƙonmu ba ne. Ƙasar Hausa tana da nata, wanda ake kira tsamiya, daga gidan wata tsutsa da ke yin sheƙa a jikin itace. A dafa shi da ruwan toka, a kaɗa, a yi aikin babbar riga da shi. Ga kuma alharini ja da fatake sunka riƙa ɗaukowa daga Tarabulus ta hamada har Kano a ƙarni na 19. Akuya ma muna da tamu: jar akuyar Maraɗi da ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har Turai. Tasu gashi ta ba su, tamu fata. Sun riƙe nasu sun gyara, mu mun saki namu.

Yau a unguwarku mata nawa sunka rage masu iya kaɗi? Ku ƙirga, wallahi yatsun hannu ɗaya sun isa. Ita kuma mai saƙar da ta rage, dubi yadda muke yi mata. Mace ta kwana uku tana ƙirga ido ɗaya-ɗaya, bayan daka da girki da hidimar yara, ta gama kayan jariri cif. Mu zo mu taya kuɗin da ko zaren bai biya ba, mu ce ai na gwanjo ya fi araha. Buhun siminti na Malbaza ba mu yi mashi wannan tayi, albasar Galmi ma in ta yi tsada haƙuri muke mu saya. Sai aikin hannun mace ne kullum abin ragi. Ranar da ta gaji ta aje kwarashi, ɗiyarta ba za ta ɗauka ba, tunda ta ga abin da uwar ta samu.

Ba mu ce kada a gwada zaren waje ba. Wadda ta samu hali ta saya, ta saƙa ɗan mayafi marar nauyi na sanyin asuba, ta koyi sabon hannu. Amma masu saƙa, ku fara lissafi: kuɗin zare daban, kwanakin aiki daban, ku faɗi farashi ba kunya. Masu koyarwa a fuwaye, ku nemo tsofaffin masu kaɗi tun suna raye, su zauna da ƴan mata ko sau ɗaya a sati. Mu kuma maza da ke sayen kayan suna, in an faɗa muna kuɗin hula da safa, mu tuna dare nawa anka yi a kansu kafin mu buɗe baki.

In akwai tsohuwa mai mazari a garinku, ku sanar da mu, mu kai mata makirfo. Allah ya sa mu ga bayan sanyin nan lafiya.