Dawanau: Inda Gyaɗa Ke Tsufa a Cikin Buhu

Kasuwar Dawanau tana bakin hanyar Katsina, a ƙaramar hukumar Dawakin Tofa, kuma tun kafin ka sauka daga mota ƙura da rugugin tireloli za su shaida maka ka iso. Gero, wake, riɗi, zoɓo, buhu kan buhu har rufi. Ni layin 'yan gyaɗa na nufa, a cikin Afrilu, lokacin da zafin Kano kan kai digiri 40, balle a ce cikin sito mai rufin kwano.

A nan ba a sayen gyaɗa da ido. Wani dattijon dillali ya cusa hannu cikin buhu, ya murje jan ɓawon, ya raba ƙwayar biyu ya miƙo min. "Malam, tauna ka ji." Gardi babu, sai maƙaƙi a maƙogwaro. Ya ce wannan ta kwana biyu, kuma ɓararriya ce. Manomin da ya san abin da yake yi ba zai saye ta don iri ba, mai kwanso zai nema.

Abin da harshensa ya gano, masana tsirrai sun daɗe suna bincike a kansa. Kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne, kuma kowace ƙwayar halitta da ke cikinta lulluɓe take da tantani siriri, shi ma na mai, ruɓi biyu. Tantanin nan ne ke tantance abin da zai shiga da abin da zai fita. Cikin man akwai nau'in da ake kira linoleyik, wanda iskar oksijin ke saurin kamawa. Da zarar an fizge wa ƙwayar mai guda haidirojin ɗinta, sai ta haɗu da oksijin ta fizge na maƙwabciyarta, ita ma ta fizge na ta gaba, kamar gobara a unguwar ɗakunan ciyawa. Bitamin E da ke cikin gyaɗar yakan tare ɓarnar, amma ƙarewa yake yi a hankali. Gutsattsarin man da ya farfashe ne ke kawo warin nan da maƙaƙin.

Ainihin asarar ba ta bayyana sai damina. Irin ya sha ruwa, tantanin da ɓarnar man ta sandarar ya kasa riƙe komai, sukari da gishirin cikin ƙwayar su tsiyaye cikin ƙasa, fumfuna ta samu abinci, irin ya ruɓe bai tsiro ba. Shi ya sa masu gwajin iri kan jiƙa shi su auna yadda lantarki ke ratsa ruwan: gwargwadon tsiyayar, gwargwadon lalacewar.

Wani masani Ba'amurke, Harrington, ya ba da ƙiyasin da ake amfani da shi har yau: rage damshin iri da kashi 1 cikin 100, ko zafin ma'ajiya da digiri 5, yakan ninka tsawon ransa. Rumbun iri na Svalbard a Norway, da aka buɗe a 2008, a digiri 18 ƙasa da sifili yake ajiye nasa. Dawanau ba ta da wannan gata. Abin da take da shi kwanso ne, da katakon da ake ɗora buhu a kai, da inuwa. A ganina wanda ya ɓare gyaɗar irinsa tun kaka don rage kuɗin dako, ribar da ya ci ba ta kai asarar da zai tarar a gona ba, musamman in sai ya sake shuka bayan ruwa ya zauna.