Darussan da Jiran Tikitin Afirka Ya Koya Mini a Rafin Guza

Duk shekara idan kakar wasa ta zo gangara, lissafi ne ke mamaye majalisarmu a unguwar Rafin Guza ta Kaduna: wasa nawa ya rage, maki nawa ake nema, wace ƙungiya za ta je gidan wace. A babbar gasar Najeriya mai ƙungiyoyi 20, ta ɗaya da ta biyu ke wakiltar ƙasa a Gasar Zakarun Afirka, ta uku da wadda ta ci Kofin Ƙalubale su tafi gasar Confederation, huɗun ƙarshe kuma su gangara gasar 'yan dagaji.   Na daɗe cikin masu jiran tikitin Afirka, na ga daɗinsa na ga ɗacinsa, kuma ga abin da na tsinta.

1. Makin farkon kaka da na ƙarshe nauyinsu ɗaya.

Idan aka tashi canjaras a gida a mako na uku, abin da muke faɗa a teburin mai shayi shi ne, "Ai da sauran lokaci." Sai wasa biyu ya rage, maki biyun da aka zubar a ranar su dawo suna hana mutum barci. Masu lambu a bakin kogin Kaduna sun fi mu sanin wannan: ban-ruwan da aka tsallake sa'ad da shuka ke ƙarama, ba a rama shi ranar ɗiba. Na sha ganin manya da furfura sun riƙe waya suna jiran sakamakon wani wasa a Aba ko Ilori, suna roƙon Allah ya sa wata ƙungiya da ba su taɓa so ba ta yi musu aikin da tasu ta kasa yi wata shida baya. Jiran da ya fi kowane ciwo ke nan, domin babu abin da ya rage a hannunka.

2. Gida kaɗai ba ya kai ka Afirka.

Wasa 38 ake yi, 19 a gida, 19 a waje. Ko ƙungiya ta cinye na gida kaf, maki 57 ke nan. A kakar da ta ƙare a 2024, Rangers ta Inugu da maki 70 ta ɗauki kofi, kuma wadda ta zo ta uku ma ta haura 60. Mun saba ɗaukar wasan waje a matsayin asarar da aka riga aka yafe. Amma kunnen doki ɗaya da aka ƙwato bayan tafiyar yini guda a mota, shi ne yakan raba mai tafiya Afirka da mai zaman gida.

3. Kada ka raina ƙaramar ƙofa.

A 2010 hankalinmu duk yana kan teburin gasa. Kofin Ƙalubale kuwa, da yawa daga cikinmu ba su sa shi a lissafi ba, don ana ganin na manya ne. Sai ga Kaduna United, ƙarƙashin koci Maurice Cooreman ɗan ƙasar Beljiyam, ta kai wasan ƙarshe a filin Sani Abacha da ke Kano. Abokiyar karawarta ita ce Enyimba, wadda ta ɗauki kofin Zakarun Afirka a 2003 da 2004. Ko a cikin unguwa, masu cewa za a sha kashi sun fi yawa.

Aka tashi 3 da 3, aka je bugun fenareti. Ina tuna yadda muka kewaye wani matashi a ƙofar shagon caji, wayarsa a kunne, yayansa na faɗa masa daga cikin filin. Duk bugu ɗaya sai ya ɗaga hannu mu yi tsit. Mai shayi ya bar ruwa yana tafasa har ya zubo kan garwashi bai waiwaya ba. Da yaron ya ce, "Yaya, ka rantse!" sai kowa ya gane an ci. Daren nan 'yan acaɓa sun yi ta hon daga unguwarmu har Kawo.

Tun daga ranar, idan na ji yaro yana cewa wasan kofi ɓata lokaci ne, nakan zaunar da shi in ba shi labarin nan. Ƙungiyar da ba ta da ƙarfin jure wata tara tana fafatawa da masu kuɗi, tana iya jure wasanni ƙalilan na sili ɗaya ƙwale.

4. Samun tikiti farkon ɗawainiya ne.

A 2011 Kaduna United ta fitar da Entente Setif ta Aljeriya, ta shiga matakin rukuni na gasar Confederation, ta haɗu da Club Africain ta Tunisiya da ASEC Mimosas ta Abijan da Interclube ta Angola. Mun ɗauka daga nan sai sama. A 2014 ta faɗa gasar 'yan dagaji. A farkon 2019 kuma Kada City, wata ƙungiyar ta Kaduna, ta haye babbar gasa ta hanyar wasannin Super 8 da aka yi a Aba, amma kafin kakar ta ƙare gurbinta ya koma hannun Delta Force.

Abin da ɗoki ke ɓoye wa mai goyon baya shi ne kuɗin jirgi, da masauki, da albashi, da alawus, da maganin wanda ya ji rauni. Sannan duk ɗan wasan da ya haska a Afirka, masu kuɗi sun riga sun gan shi. Na taɓa zama a mota ɗaya da wani ɗan wasa daga Kawo zuwa cikin gari, takalmansa a cikin leda a kan cinya. Na tambaye shi shirin wasan Asabar, ya ce, "Malam, shiri sai da abinci." Bai ƙara komai ba, ni ma ban ƙara ba.

5. Dutse ɗaya yana rushe aikin kaka guda.

Zuciya takan ɗebi kowa idan alƙalin wasa ya hana fenaretin da ka gani da idonka. Amma sakamakon jifa sananne ne: tara, ko zabge maki, ko a mayar da wasannin gida wani gari, ko a yi su babu 'yan kallo. Wanda ya yi jifan ya koma gida ya kwanta, 'yan wasa su biya.

6. Fata ba ya cika fili, ƙafa ke cika shi.

Akwai wani dattijo a layinmu da muke kira Kawu. Shi ya fara ba ni labarin Ranchers Bees ta Kaduna, wadda a da ake kira DIC Bees: yadda ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofunan ƙalubale a 1988, Bizertin ta Tunisiya ta doke ta, da yadda ta ci kofin WAFU a 1989, da yadda Daniel Amokachi ya tashi daga cikinta zuwa Club Brugge a 1990. Wata rana muna tsaka da musun ko wata ƙungiyar garin nan za ta hau babbar gasa, sai ya tambaye mu, "'Ya'yana, a cikinku wa ya shiga fili bana?" Babu wanda ya amsa. Ya ce, "To da wace ƙafa kuke so ta hau?"

Gaskiyarsa ce. Gidajen kallo a unguwarmu cika suke yi maƙil ranar wasan Arsenal ko Real Madrid, har da masu leƙe ta taga. Ban ga laifin hakan ba, ni ma ina kallo. Sai dai garin da ya karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999 da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009 a filin Ahmadu Bello bai cancanci ƙungiyoyinsa su riƙa wasa gaban kujeru ba kowa ba. Ɗan wasa yana jin bambancin fili mai mutane da wanda babu. Mai kuɗin da ake roƙo ya ɗauki nauyin ƙungiya ma, yawan jama'a yake fara dubawa.

Matasan Rafin Guza da Kawo da Hayin Banki, idan an sa wasan gida na farko a kaka mai zuwa, ku haɗa kuɗin Keke Napep ku je, ku sayi tikiti a ƙofa, ku riƙo hannun ƙannenku. Kada ku bari sai wasa biyu ya rage.