Unguwar Masu Ɗinkin Fatar Ido a Birnin Seoul

Wanda ya tashi a bakin Kogin Haɗejiya gani yake ya san kogi, sai ranar da ya tsallaka Kogin Han a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu. Faɗinsa ya kai kilomita guda, ga gadoji a jere, jirgin ƙasa na wucewa ta kai. Namu da damina yakan malale fadama, da rani ya ja baya a shuka shinkafa da tattasai. Wannan kuwa an yi masa iyaka, ya tsaya inda aka ce ya tsaya.

A kudancinsa unguwar Gangnam take. Da na fito daga tashar Apgujeong sai na riƙa cin karo da samari da 'yan mata sanye da baƙin tabarau, wasu fuska a kumbure, suna shan shayi suna hira. Na tambayi mai masaukina ko haɗarin mota aka yi. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna mini sama. Bene ne mai hawa da yawa, kusan kowane hawa asibitin gyaran fuska ne. Na kusa da shi ma haka. Ikon Allah!

Aikin da aka fi nema shi ne na fatar ido. Mutane da yawa a yankin ba su da layin nan da ke naɗe fatar saman ido, wanda mu da shi aka haife mu, ko kula shi ba ma yi. Shi ake biyan kuɗi a yi. Wani likitan Japan, Mikamo, ya fara rubutu a kan aikin a 1896, sai likitan sojan Amurka Ralph Millard ya yi shi a Koriya bayan yaƙin 1950 zuwa 1953.

Mai masaukin nawa ya kai ni wurin wani likita abokinsa, ya yi mana tafinta. Asibitin tsaf-tsaf, ko warin magani babu. Hanya biyu ce, in ji likitan: ko a ɗaure fatar da zare ba yanka, a warke da wuri amma ɗinkin kan iya saki, ko a yanka a rage fata da kitse, wanda ya fi daɗewa. Allurar kashe zafi ake yi a wurin, mutum ya kwana a gidansa. Ana cire zare cikin mako guda, kumburi ya sauka a mako biyu, amma sai an yi watanni kafin ido ya zauna.

Abin da ya fi burge ni bai ɓoye aibin sana'arsa ba. Ido na iya bushewa, ko ya ƙi rufuwa da barci, ko ɗaya ya fi ɗaya. Jefi-jefi jini kan taru a bayan ido har gani ya tafi. Shi ya sa yake tambayar hawan jini, ciwon suga, shan taba da asfirin kafin ya taɓa wuƙa. Ya dubi fuskata ya ce, "Irin fatarku tabo kan yi duhu, a faɗa wa mutum tun farko." Ya ƙara da cewa ba kowane mai allo a titin nan ne ƙwararre ba, a nemi ganin takardar. An sha kama inda babban likita ke karɓar mutum, in an sa shi barci wani daban ya yi aikin. Saboda haka majalisarsu ta yi doka a 2021, ta fara aiki a Satumban 2023, cewa a sa kyamara a ɗakin tiyata.

Na ce masa mu ma a Jigawa ana yanka fatar ido, amma don amosanin ido. Ciwon kan juya gashin ido ciki, ya yi ta kartar ƙwayar har mutum ya makance. Tsofaffin mata a ƙauyukan fadama kan tsige gashin da matsefata, ya sake tsirowa. Aikin ɗan lokaci ne, ma'aikacin jinya da aka horar ke yi, kuma kyauta ake yi idan masu aikin ido sun zagayo. Mai hali ya nufi asibitin ido na ECWA a Kano.

Likitan ya ce a littafi kawai ya san ciwon. Ya jawo takarda ya zana ido, ya miƙo mini biro, wai in nuna masa ta ina gashin ke shiga.